Ɗalibai sun yi gum a ajin falsafa: ta ina za a fara gyara?

Malam, ka ce samari uku na layin gaba ne kullum ke amsa tambaya a ajinka na shekarar farko, sauran kuma, musamman mata, sun yi gum. Ni a ganina ka fara duba manhajar kanta. In daga Aflatun da Aristo aka zarce kai tsaye zuwa Dekat da Kant, ɗalibi zai ɗauka falsafa gadon Turawa ce, shi ɗan kallo ne.

Ka sa Ibn Sina da Ibn Rushd a tsakiyar darasi. Ka kawo Anton Wilhelm Amo, haifaffen Axim a Ghana ta yau, wanda ya yi digirin dakta a Wittenberg ta Jamus a 1734, ya kuma ƙalubalanci Dekat kan alaƙar jiki da tunani. Ga Sophie Oluwole da ta koyar a Jami'ar Legas, wadda ta kwatanta Socrates da Orunmila, uban hikima a al'adar Yarbawa. Wanda kuwa ya karanta Sullam na Al-Akhdari, littafin manɗiƙi (ilimin kafa hujja), a zaure ya riga ya san ƙiyasin Aristo, wato haɗa magana biyu a fitar da sakamako, sai dai ba a taɓa gaya masa ba. Ka ba shi alli ya hau allo.

Sannan yadda kake tambaya. Kada ka ɗauki hannun da ya fara tashi. Ka ba su minti biyu kowa ya rubuta amsarsa, su tattauna bibbiyu, ko da Hausa ne, kafin a buɗe muhawara. In kuma akwai makaho a ajin, ka tura masa abin karatu a waya tun kafin ranar darasi.