Amsar tambayar Anti kan abinci da ciwon damuwa

Salamu alaikum 'yan gida. Anti na ji saƙonki tun safe, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Kika ce wai da gaske ne abinci yana da hannu a ciwon damuwa da wannan faɗuwar gaban da ke zo wa mutum ba gaira ba dalili? Eh to, akwai alaƙa, amma ba irin wadda masu tallar magani a mota suke faɗa ba.

A 2017 masu bincike na jami'ar Deakin a Ostiraliya sun fitar da wani gwaji, mutum 67 masu ciwon damuwa, aka raba su gida biyu, wasu aka gyara musu cima, ganye, wake, kifi, man zaitun, aka rage zaƙi da soye-soye, sauran kuma hira kawai ake zama a yi da su, har sati 12. Waɗanda aka gyara wa cima kusan kashi 32 cikin ɗari ciwon ya lafa musu, ɗaya ɓangaren kashi 8. Amma fa yawancinsu dama suna kan magani ko ganin likita, ba wanda ya ce su ajiye.

Kuma mu ba sai mun nemo man zaitun ba wallahi, ga zogale, ga rama, alayyahu, wake, gyaɗa, gero, kindirmo, kifi ko busasshe ne. Ƙarancin jini ma kaɗai, barin ma mai jego, yana kawo kasala da rashin walwala har a ɗauka wani abu ne daban.

Ni kaina lokacin da nake aikin dare, shayi mai kauri kofi uku, goro a jaka, abinci kuwa biredi da lemo, sai in kwanta da asuba zuciyata na dukan uku-uku, hannu na rawa, har na fara zargin ko jifa ne. Da na rage shayin da goron abin ya ragu sosai, duk da bai tafi gaba ɗaya ba.

Sannan abin zagaye yake yi Anti, damuwar ce take fara kashe sha'awar abinci, mutum ya wuni da ruwan shayi, jiki ya ƙara mutuwa. In wadda kike tambaya dominta ta kai sati biyu ba barci, ba ci, ko tana maganar gara ta mutu, kar a tsaya kan zogale, a kai ta asibiti, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna. Ki kira ni bayan isha'i in ji tun yaushe abin ya fara.