Amsa ga ƙanena mai zuwa karatu Kolorado: saitin bindiga a kan tsauni

Ƙanena, ka ce in ka iso kana son shiga farautar elk, wata babbar dabba mai kama da barewa, kana tambaya ko saitin da aka yi wa bindiga a ƙasan tsauni, wato daidaita ta don harsashi ya bugi inda aka auna, zai yi aiki a kan tsauni. Kafin nan ga maganar doka: a Amurka mai bizar ɗalibi ba ya riƙe bindiga sai ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai lasisin farauta. Jihar Kolorado kuma galibi ba ta ba wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau lasisi sai ya yi kwas ɗin mafarauta. Fara da wannan.

Saitin mita 100 kusan ba ya motsi, domin harsashi bai daɗe a cikin iska ba. Daga mita 300 zuwa gaba ne bambanci ke bayyana. Iska ce ke rage wa harsashi gudu, kuma kaurinta na raguwa in ana hawa. A Denba, babban birnin jihar, wajen mita 1,600 sama da teku, ta riga ta ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. A mita 3,000, inda ake yawan samun elk, ragin ya kai kashi ɗaya bisa huɗu. Harsashi sai ya isa da wuri, bai yi ƙasa yadda ka lissafa ba, ya bugi sama da inda ka auna. Da harsashi nau'in .308 a nisan mita 500, tazarar kan wuce santimita goma.

Sanyi kuma baya yake jan lissafin. Iska a digiri 0 ta fi ta digiri 30 kauri da kusan kashi 11 cikin ɗari. Ga albarushi shi ma: in ya yi sanyi, harsashi kan fita da ƙarancin gudu, wani nau'in ya fi wani jin haka. Wanda ya yi saiti a zafin Agusta ya je farauta da asubar Nuwamba, tsayi na ɗaga masa harsashi, sanyi na sauke shi. Kada ka yarda da masu cewa ɗaya na cinye ɗaya. Wani lokaci su yi kusa, wani lokaci a'a.

Inda na fi ganin sababbi na tuntuɓe shi ne matsin iska. Lambar da manhajar yanayi ke nunawa a waya an mayar da ita ma'aunin bakin teku ne. In ka sa ta a manhajar lissafin harbi ba tare da tsayin wurin ba, ka gaya mata kana bakin teku. Ainihin matsin inda kake tsaye ake so, irin wanda na'urar Kestrel ke aunawa.

Abin ya dame ni ne saboda dabbar. Kuskure a takardar gwajin harbi rami ne kawai, amma a jikin elk rauni ne da za ta gudu da shi ta mutu a wahale. Don haka in ka isa sansani, ka gwada a takarda a nisan da kake niyya, da harsashin da ya kwana a sanyin wurin, ka lura da harbin farko tun bututu bai ɗau zafi ba. Nisan da ba ka gwada a can ba, kada ka ja kunama a kansa. Ka lallaɓa ka matsa kusa.