Afdet Zai Sa PS4 Ɗina Ta Daina Jan Ƙafa?

TAMBAYA: Malam, ina da gidan gem a Kano, PS4 ɗina, wato na'urar gem ta kamfanin Sony, tana ɗaukar lokaci kafin gem ya buɗe, yara sai ƙorafi suke. In na yi mata afdet, wato na sabunta manhajarta, za ta ƙara sauri?

AMSA: To ɗan'uwa, wani lokacin yana taimakawa amma kada ka sa rai da yawa. A 2017 Sony sun fitar da afdet na 4.50 wanda ya kawo Boost Mode, wasu tsofaffin gem suka riƙa tafiya sumul, sai dai fa PS4 Pro kaɗai ya shafa, mai PS4 ta farko ko Slim bai ga komai ba. Jinkirin lodin kuwa yawanci daga faifan ajiyar cikinta ne, shi ke juyawa a hankali, afdet ba zai canza ƙarfe ba, don haka ka cire shi ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, za ka ga bambanci a idonka. Sannan ka buɗe ta ka kaɗe ƙurar fanka, musamman ku da harmatan ke shigo wa shago, zafi ma na sa ta riƙa ƙugi tana mutuwa. Kuma kada NEPA su ɗauke wuta ana tsakar afdet, ka tada janareta tukuna.