Kifin bas na tafkina ya ƙi girma: kayan kamu ne matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka. Shekara uku ke nan da muka sayi gida a bayan gari, kuma a filin akwai tafki mai kimanin eka ɗaya, da kifin bas da bulugil a ciki. Duk ranar da na jefa ƙugiya sai na kama goma ko fiye, amma duk tsawonsu ɗaya, inci 10 zuwa 12, ga ƙaton kai ga jiki a rame. Duk wanda na kama mayar da shi ruwa nake yi don ya ƙara girma. Sandata da ƙoton da nake sawa ne ba su dace da manya ba, ko kuwa in sayo ƙarin bas in zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayo ko guda ɗaya, kuma bar batun sabuwar sanda tukuna. Abin da ka siffanta, wato kamu da yawa, tsawo ɗaya, babban kai da shafaffen ciki, alama ce ta tafkin da bas ya yi wa yawa. Bakuna sun fi abinci. Tausayin da kake yi musu na mayar da su ruwa shi ne ya hana su girma.

Bas mafarauci ne, kamar giwan ruwa a kogunanmu, kuma a tafkin gona na kudancin Amurka babban abincinsa shi ne 'ya'yan bulugil, wani kifi mai faɗi da za ka iya kwatanta shi da karfasa. Wannan haɗin na bas da bulugil ya kafu ne da binciken Homer Swingle a Auburn da ke jihar Alabama tun shekarun 1930, kuma har yanzu ƙa'idarsa ake bi wajen zuba kifi a sabon tafki: bulugil goma a kan kowane bas ɗaya. Lissafin da masu kula da tafkuna ke aiki da shi shi ne bas na bukatar cin kimanin laba 10 ta ƙananan kifi kafin ya ƙara laba 1 a jikinsa (laba ɗaya ta kusa rabin kilo). To eka ɗaya tana da iyakar abin da za ta iya samarwa a shekara. Idan bas ɗari biyu ne ke rabon abin da ya kamata hamsin su ci, kowa zai rayu, amma babu mai ƙiba. Su kuma ba sa fasa haihuwa: duk bazara, da ruwa ya kai ɗumin digiri 16 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyos, sai namiji ya share gurbi a gefen tafki, mace ta zuba ƙwai, a ƙara yawan masu jiran abinci.

Kafin ka yarda da ni, auna. Ka sami tef da ɗan sikeli, ka riƙa rubuta tsawo da nauyin duk wanda ka kama. Lafiyayyen bas mai inci 12 ya kamata ya kusa giram 400, mai inci 14 ya kai wajen giram 660, mai inci 16 kuma ya ɗan haura kilo 1. Idan naka suna gaza kashi 85 cikin ɗari na wannan nauyi, yunwa ce. Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan nuna gaskiya. A watan Yuni, kai da wani ku ja ƙaramin taru mai tsawon ƙafa 15 a gefen ruwa, wuri uku ko huɗu. Idan ka tarar da sababbin ƙyanƙyasar bulugil birjik, ga 'ya'yan bas na bana, amma babu bulugil masu inci 3 zuwa 5, to an cinye su tun kafin su kai nan. Za ka kuma lura bulugil ɗin da suka tsira ƙatti ne, domin sun fi ƙarfin bakin waɗannan ƙananan bas.

Maganin bai wuce wuƙa da kasko ba. A shekarar farko ka cire laba 25 zuwa 30 ta bas daga tafkin, wato kusan kifi 45 zuwa 55 masu irin girman da kake kamawa. Duk wanda bai kai inci 14 ba, kada ya koma ruwa. Wanda ya haura inci 15 kuma cikinsa a cike, shi ne za ka saki, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa. Fara tun farkon bazara, lokacin da suke gefe kuma suna cin ƙoto da zafi. Bayan tafkin ya daidaita, laba 10 zuwa 15 a shekara ta isa idan ba a zuba wa ruwan taki don ƙara abincin kifi, wajen 25 idan ana zubawa. Ka ci, ka raba wa makwabta, amma kada ka kai su wani rafi ko tafkin gwamnati ka zuba, doka ta hana. Kuma kada ka ji nauyin cin bas saboda al'adar kama-ka-saki da masu gasa suka yaɗa. A jihar taku, a tafkin Montgomery, George Perry ya kama bas mai laba 22 da oza 4 a 1932, wanda har yau ke cikin tarihin mafi girma a duniya, kuma bayan an auna shi iyalinsa cinye shi suka yi.

Manyan bulugil kuwa ka bar su a bana, su ne masu haifa wa bas abinci, kuma sukan yi ƙwai sau da yawa a lokacin zafi. Kana iya ba su abincin kifi mai yawo a saman ruwa sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. Ka nutsar da tarin rassan itace, an ɗaure su da bulo, a zurfin mita 1 zuwa 2, wuri uku ya isa. Nan ƙanana za su ɓuya su girma, nan kuma bas zai riƙa labewa, ka ga ka san inda za ka jefa ƙugiya.

Yanzu batun kaya. Sanda mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, mai matsakaicin ƙarfi, da abin naɗe zare na juyi mai lamba 2500 ko 3000, sun ishe ka ga duk kifin da tafkin eka ɗaya zai iya fitarwa. Zaren roba mai ɗaukar laba 10 zuwa 12 ya wadatar. Ka saita birkin zaren yadda zai saki idan an ja da ƙarfi, domin yawancin manyan kifin da ke kuɓucewa a nan ake rasa su, ko a ƙulli. Ka jiƙa ƙulli kafin ka matse shi, in ba haka ba gogayya ta ƙona zaren ya tsinke a daidai wurin. Bayan kowane kifi biyu ko uku ka shafa ƙafa biyu na ƙarshen zaren da yatsa. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

Ƙoton da ya fi cancanta ka ƙware a kai shi ne tanar roba mai inci 5 zuwa 7 a ɗaurin da ake kira na Teksas. Ka fara zura dalma mai siffar harsashi, giram 3.5 zuwa 7, a zare, sannan ka ɗaura ƙugiya mai lanƙwasa a wuya, lamba 3/0 ko 4/0. Soka tsinin a kan tanar kamar rabin santimita, fito da shi ta gefe, ja tanar har wuyan ƙugiya, juya, sannan ka mayar da tsinin cikin jikinta ya ɓuya. Tanar ta miƙe sak. Idan ta lanƙwashe za ta riƙa juyawa tana murɗe maka zare. Amfanin wannan ɗauri shi ne yana ratsa ciyawa da rassa ba tare da ya maƙale ba. Jefa kusa da maɓoya, bar shi ya kai ƙasa, ɗaga sanda a hankali ka ja shi ƙafa ɗaya ko biyu, ka tsaya. Sau da yawa bas na ɗaukar ƙoto ne yana cikin nutsewa, ba za ka ji fizga ba, sai ɗan taɓi, ko ka ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai. Sauke kan sanda, naɗe ragowar zare har ka ji nauyi, sannan ka fizga sama da ƙarfi, domin sai tsinin ya huda roba kafin ya kama baki. Masu koyo sukan yi saurin ja, ko su fizga zare na sake. A ruwa mai haske sa launin kore ko ruwan ƙasa, a gurɓataccen ruwa sa baƙi ko shuɗi mai duhu.

Da asuba da gab da magariba a lokacin zafi, ƙoto mai yawo a saman ruwa, kamar kwaɗon roba, yana aiki sosai. Sai dai kada ƙarar fantsamar ruwa ta sa ka fizga. Jira ka ji nauyin kifin. A ƙaramin tafki ka taka a hankali, ka riƙa jifa a tsawon gaɓa maimakon tsakiya, domin kifi na jin takunka tun kafin ka gan shi.

Abu na ƙarshe da zai iya rushe duk wannan aiki a dare ɗaya shi ne ƙarancin iskar oksijin. Ka ɗaura farin faifai a sanda ka nutsar: idan ya ɓace wa ido a inci 18 zuwa 24, koren ruwan ya yi daidai, idan ya ɓace kafin inci 12, ya yi kauri, ka dakatar da taki ka rage abinci. Haɗarin ya fi yawa a Yuli da Agusta, bayan kwanaki na hadari ba rana, kuma da asuba ne iskar ke kai ƙarshen raguwa, za ka ga kifi a sama suna haki. Manya ne ke fara mutuwa. Idan za ka kashe ciyawar ruwa da magani, kada ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu a lokaci guda, ka bar mako biyu tsakani, saboda ruɓewarta na shanye iskar. Kafin ka fara tunanin taki ma, kai samfurin ruwan ofishin malaman gona na ƙaramar hukumarku a auna. Idan sinadarin alkali na ruwan, wato abin da ke rage masa tsami, bai kai miligiram 20 a lita ba, sai an fara zuba garin farar ƙasa na gona, in ba haka ba takin asara ne. Ka ci gaba da rubuta awo. Nauyi yakan fara gyaruwa kafin tsawo, kuma a shekara ta biyu ko ta uku ne za ka fara ganin masu inci 15 da 16.