Amsa ga yarona kan bututun gansakuka

Jiya muna cikin ɗaure bututun nan a jikin ƙarfe ka jefo mini tambaya, na ce ka bari sai mun tashi, don hannuna duk gam ne. Cewa ka yi: "Oga, gansakukar da ke fitowa kyauta a kwata da bakin Kogin Kaduna, me ya sa malamin nan zai kashe kuɗi a gina mata gidan bututu? In kuma da gaske ana tatsar mai a jikinta, me zai hana mu haɗa namu mu huta da sayen man janareta?" To jawo benci ka zauna. Tambaya biyu ka yi, kuma ta biyun ce ta cinye dukiyar manyan mutane.

Gansakukar da malamin da ya ba mu wannan aikin yake nufi ba wannan mai zare-zare ba ce da ke naɗe ƙafa a rafi. Tasa ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya sai da madubin likita. Ka tuna tankin masu kiwon tarwada da muka je gyarawa, ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka? To irin wannan. Wadda zai zuba a namu sunanta Chlorella. Abincinta hasken rana, da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, da ɗan taki. Wasu irinta, in aka busar, kashi 20 har zuwa 50 cikin ɗari na nauyinsu mai ne. Abin da ya ba ni dariya ranar da ya yi mini bayani: rago sai ka ciyar da shi yake yin kitse, ita kuwa sai ka hana ta takin yuriya take tara mai. Da ta fara tara man kuma sai ta daina hayayyafa. Ka ga tun nan ciniki ya fara wuya.

Maganar a bar ta a fili, an riga ka gwadawa. Gwamnatin Amurka ta yi shekara 18 a kai, daga 1978 zuwa 1996. Sun tattaro iri wajen 3,000, suka gina tafkuna masu zagaye kamar filin sukuwa, zurfinsu bai kai ƙafa ɗaya ba, da wata ƙafar ƙarfe mai fukafukai tana kaɗa ruwan. Tafki ya fi araha nesa ba kusa ba. Matsalarsa ba shi da ƙofa. Ka zuba irin da ka zaɓa, bayan 'yan makonni ka tarar baƙin iri sun shigo sun kore shi, ko ƙwari sun cinye. Kawo wannan tafkin Kaduna ka gani: ƙurar hunturu ta rufe shi a Janairu, ruwan Agusta ya cika shi ya malale, kwaɗi da sauro su ce gaba ta kai su. Shi ya sa ake kulle ta a bututu, don abin da ka shuka shi za ka girba, kuma ruwan yakan yi kauri ninki da yawa fiye da na tafki.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafe mu masu aikin hannu, nan nake so ka buɗe kunne.

Ka ga na ƙi bututu mai inci shida da ka ɗauko, na ce mai inci biyu. Ba rowa ba ce. In ruwan ya yi kore sosai, haske ba ya wuce 'yan yatsu a cikinsa. Waɗanda ke gefe su sha rana har ta yi musu yawa, na tsakiya kuma suna cikin duhu suna cin abin da suka tara. Shi ya sa masu wannan aikin ba su cika wuce faɗin santimita 10 ba. Shi ya sa kuma ruwan ba ya tsayawa: dole ya riƙa gudu, kamar rabin mita a daƙiƙa, kowace ƙwaya ta leƙa rana ta koma inuwa. In ya yi sanyin gudu su kwanta a ƙasa su ruɓe. In ka sa famfo mai zafin juyi kuma ya markaɗe su. Dalilin da na sa bulowa, injin hura iska na masu kifi, ke nan a gindin dogon bututun tsaye, kumfa ta ɗaga ruwan a hankali, ba ƙarfen da zai taɓa su.

Sai numfashi. Da rana gansakuka tana fitar da iskar oksijin, a cikin rufaffen bututu kuwa iskar ba ta da hanyar fita. In ta taru sai ta shaƙe mai fitar da ita. Don haka ba a barin ruwa ya yi doguwar tafiya, kamar mita 80, bai biya ta inda zai yi gyatsa ba. Wannan buɗaɗɗen tankin na sama da ka ce ɓarnar roba ce, aikinsa ke nan. Ta wani gefen kuma tana da ci: kilo ɗaya na busasshiyar gansakuka yana shanye kusan kilo 1.8 na iskar kabon, abin da ke cikin iskar da muke shaƙa kuwa bai taka kara ya karya ba. Sai an ƙara mata daga tukunyar iskar kabon ko daga hayaƙi mai tsabta.

Zafi kuwa, a jikina na koya. Na farko da na taɓa haɗawa, shekarun baya, na yi shi tsaf, ko ɗigo ba ya yi, har ina kiran maƙwabta su zo kallo. Muka kafa shi a fili cikin watan Afrilu. Kwana uku ruwan ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, ga wari kamar an jiƙa fata. Na taɓa bututun da azahar, wallahi sai ka haɗa shayi da ruwan. Yawancinsu tsakanin maki 20 zuwa 30 suke jin daɗi, in aka haura 35 sai mutuwa, mu kuwa a bazara ko a inuwa mukan wuce haka. Mai aikin bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. Tun daga ranar ba na miƙa irin wannan aiki sai da rumfar raga a sama da siririn tiyo mai yayyafi a jikin bututun.

Kada ka kuskura ka sa mahaɗin tagulla ko na jan ƙarfe a inda ruwan zai bi. Jan ƙarfe guba ne gare ta, da shi ma ake haɗa maganin kashe gansakuka. Roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa kawai. Kowace gwiwa kuma ka yi ta yadda za a kwance, don watarana cikin bututun zai yi dafifi, haske ya daina shiga, sai an tura soso. Wanda ya liƙe komai da gam ya gama wa mai kaya aiki, ya kuma gama da shi.

Kusan duk ƙirƙirar da za ka gani a waya, waɗannan matsalolin take kokawa da su. A garin Klötze na Jamus akwai masana'antar da ta fara aiki a 2000, bututun gilashinta in aka miƙe ya kai kilomita 500, ya fi ka je Kano ka dawo. A Hamburg, a 2013, an gina bene aka jera masa faifan gilashi masu ruwan gansakuka a bango, suna yi wa ɗakuna inuwa suna kuma tara zafi. Wasu sun ce gilashi ya yi tsada, suka koma rataya dogayen ledoji kamar an shanya wanduna, in ta yi datti a yar. Wani kamfani a Amurka, GreenFuel, ya kafa nasa a kan rufin jami'ar MIT yana shayar da gansakuka hayaƙin injin wuta. Ya yi suna sosai, ya rufe a 2009.

To mu zo kan janaretanmu. Ɗauko alli mu yi lissafi a ƙasa. Bututu mai inci biyu, kowace mita tana cin ruwa kusan lita 2. Namu mita 50 ne, lita 100 ke nan. A ce Allah ya ba da sa'a kowace lita ta ba da giram 2 na busasshiya, giram 200. A ce rubu'insa mai ne, giram 50. Cokalin cin abinci huɗu, kuma sai ka kwashe duka ka bar bututun wayam. Ƙarfin da ke cikin cokali huɗun nan, bulowa mai wat 100 za ta cinye kwatankwacinsa cikin awa biyar. Ban sa wahalar raba ta da ruwa ba, wadda ita ce uwar wahala, don a lita 100 ɗin nan kusan duka ruwa ne. Sai ka sa alam ko garin 'ya'yan zogale ta kwanta, ka tace, ka shanya, ka fasa ƙwayar, don ba gyaɗa ba ce da za ka matsa mai ya tsiyayo. Bayan nan a dafa man da sinadarin metanol da soda kafin ya zama dizal. Janareton shagon nan kuma na fetur ne, ka manta.

Kada ka ce don mu ƙanana ne. Kamfanin mai na ExxonMobil, wanda kuɗinsa ya fi na wasu ƙasashe, ya shiga harkar a 2009, ya zuba sama da dala miliyan 350, daga baya ya tattara ya fita. Man kam yana aiki, har jirgin sama an tayar da gaurayensa a Amurka a 2009. Kwalliya ce ba ta biyan kuɗin sabulu. Na san abin da ke cin ranka, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa a Panteka neman mafita yake, ga matatar mai a garinmu tun 1980 amma muna sayen lita kamar turare. Ni ma abin yana ci mini rai. Sai dai in neman sauƙi kake, faifan sola ɗaya a kan rufin nan ya fi maka bututu ɗari.

Inda kuɗin yake yanzu a abinci ne, ba a tankin mota ba. Masana'antar Jamus ɗin nan abinci da ƙarin gina jiki take sayarwa. Kusa da mu ma, matan Kanembu a yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wata iri, Spirulina, daga tafkuna masu kanwa, su shanya a kan yashi, su yi miya da ita, suna ce mata dihe. Fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne, mai kaɗan ne a cikinta, kuma saboda ruwan kanwa take so baƙin iri ba sa damunta. Da ni ne mai jari, nan zan duba, musamman yadda abincin kifi ya yi tsada. Shi malamin namu bincike yake yi, yana so ya gane wace iri ce a ruwayenmu za ta jure zafin nan. Wannan aiki ne mai kyau, kuma ya biya rabin kuɗi.

Gobe da safe kafin rana ta ɗaga ka cika shi da ruwan rijiya, ban da na famfo saboda kulorin. Ka kunna bulowa, ka bi kowace gwiwa da busasshiyar takarda. Inda ta jiƙe ka yi alama da alli, kada ka taɓa, ka jira ni.