Amsa ga 'yar uwar da takalman makarantar yaranta suka ɓare

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki ƙirjina yana zafi, don abin da ya same ki ya taɓa samuna. Kin ce kin sayo wa yara uku takalman makaranta da aka koma a watan Satumba, ba a kai hutun tsakiyar zango ba tafin guda biyu ya ɓare, na ukun kuma samansa yana ta saɓulewa, mai shago ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, kina tambaya ko akwai yadda za a yi kuɗinki su fito. Akwai, sai dai ki shirya wa ɓacin rai.

Tun kafin in yi nisa, don Allah kar ki kai wa shumeka. Ko gam kar a ɗiga. Da zarar an ɗinke ko an liƙe, mai shago ya samu mafita, zai ce ai ba haka ya sayar miki ba, ku kuka lalata. Ki ɗauke su hoto yadda suke, sama da ƙasa, ki ƙulle a leda. Yaran su lallaɓa da tsofaffin tukuna.

Ni nawa bara ne, a wani shago cikin kasuwar Sabon Gari ta Zariya. Sau-ciki baƙi na sayo wa babban, sandal mai bakul wa ƙanwarsa. Mutumin nan har rantsuwa ya yi mini cewa fata ce zalla, ya lanƙwasa takalmin a gabana, ya ce in yaro bai shekara da shi ba in dawo masa da abinsa. Da bakinsa ya faɗa. Ba a daɗe ba yaro ya dawo daga makaranta da takalmi a hannu, safa duk taɓo, tafin ya farfashe yana zuba kamar ƙuli-ƙuli. Yaron da ba ya kuka, ranar sai da ya yi, wai 'yan ajinsu sun yi ta yi masa dariya a wajen asambili.

Da na koma, 'yar uwa, abin da mutumin nan ya yi mini har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini wuya. Da farko ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Na nuna masa alat ɗin tiransifa da sunansa ɓaro-ɓaro, sai ya canza magana, wai yarana ƙwallo suke bugawa da takalmin makaranta. Sandal ɗin mace fa? Ita ma ƙwallon take bugawa? Shagon cike da mutane, akwai wata mata da take gwada wa ɗanta irin takalmin nan sak, sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, araha ba ta ado, in mai ƙarko kike so ai kin san kuɗinsa." Araha! Kuɗin da na tara daga adashi, na hana kaina atamfa, shi ne araha. Yaran shagonsa suna ƙunshe dariya. Ya ɗauki takalmin da yatsa biyu ya ajiye mini a ƙasa, ba a hannu ba, a ƙasa, ya juya ya ci gaba da ciniki. Na tsaya a wurin ban san lokacin da hawaye suka zubo ba, ga rana, ga goyo. Mutum da saje da carbi a hannu. Ni ba kuɗin ne suka fi ƙona mini rai ba, rantsuwar nan ce da ya yi ya kuma take ta, da ajiye mini takalmi a ƙasa kamar na zo bara. Matar nan dai na ga ta cire wa ɗanta takalmin ta fita, Allah Ya saka mata.

Abin da ya fitar da ni shi ne ƙungiyar 'yan kasuwa. Kusan kowane layi yana da shugabansa, ki tambayi maƙwabtan shagon ko masu dako za su nuna miki. Abban yara ne ya raka ni, kuma gaskiya ki je da namiji ko wata babbar mace mai baki, don ke kaɗai za su mai da ke abin wasa. Dattijon ya duba takalmin, ya murza tafin da yatsa, bai ce komai ba ya aika a kira mai shagon. A gaban dattijon nan mutumin da ya yi mini ihu ya koma "Hajiya ki yi haƙuri, mu ma haka aka kawo mana." Ya canza na babban, na yarinyar kuma ya ba da rabin kuɗi. Ban samu duka ba, kuma har yau ban yafe rabin nan ba.

Maganar "ba a dawo da kaya" kuwa, ko da an buga ta a rasit, kar ta tsorata ki. Ƙanina da ya karanta shari'a a jami'ar ABU, reshen Kongo, shi ya wayar mini da kai. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya, in kayan suka fito da aibi ya mayar, mai sayarwa ya gyara ko ya canza ko ya dawo da kuɗi. Ke da kika saya a Satumba kina cikin lokaci, amma kar ki zauna. Ana shigar da ƙorafi ta shafin hukumar a intanet, da hoton rasit ko alat. Ni dai a ganina wannan ya fi kama manyan shaguna masu rajista, irin na wajen PZ, su ne ke tsoron takarda. Ɗan tebur a cikin kasuwa shugaban layinsa ya fi tsoro. Kuma ko ba dokar gwamnati, a addini ma ai an san mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, malamai suna karantar da shi a babin ciniki, kuma kowa ya san abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa a kan mai algus. Ki faɗi wannan a gaban dattawan, cikin ladabi, yana aiki.

Ki duba takalman naki da kyau kafin ki je, don ki san abin da za ki ce. Wanda samansa ke saɓulewa ba fata ba ce, yadi ne aka shafa wa leda, in kin kankare za ki ga zare a ƙasa. In da sunan fata aka sayar miki, to nan ne hujjarki mafi ƙarfi. Tafin da ke rugujewa kuwa yawanci tsohon kaya ne da ya daɗe a sito, irin robar nan mai kumfa danshi yana cinye ta ko ba a taka ba, ka gan shi sabo fil a kwali alhali ya riga ya mutu. Wanda ya ɓare kawai, gam ne ba ɗinki, ga ruwan ƙarshen damina, ga taɓon unguwanninmu. Abin haushi, a garin da ke da cibiyar binciken fata ta ƙasa a Samaru, mu leda muke saya wa 'ya'yanmu da sunan fata.

Su ma makarantun nan suna da nasu laifin. Dole baƙi, dole sau-ciki, dole farar safa, yaro ya zo da kambas mai ɗan ratsi a koro shi gida, a wannan tsadar da tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke napep kaɗai ya ishi mutum. Wasu ma su suke sayar da takalmin tare da yunifom, ka biya ba ka da ikon zaɓe. Ni na je na samu shugabar makarantar yarana na ce a yi wa yaro uzuri ya sa tsohon sandal ɗinsa har mu warware, ta yarda. Ke ma ki je ki yi magana, kar a bar yara a bakin get.

Ni yanzu gwanjo mai kyau nake nema, ko na Aba da na ga ɗinki da idona, kuma kafin yaro ya taka sai shumeka ya zagaye tafin da zare. Wannan na gaba ne, ba na waɗannan ukun ba.

Af, kar ki je da sassafe. Ɗan kasuwa bai son a buɗe masa rana da mayar da kaya, zai taurare ko da ya san gaskiyarki. Ki bari sai bayan azahar ya ɗan yi ciniki. Ki fara da neman canji, in ya ce babu lambar ƙafar yaran sai ki ce to kuɗin. In ya ce ki dawo jibi kaya na hanya, kar ki bar masa takalman, ki riƙe abinki har sai na canjin ya shigo hannunki. Kuma shin ta tiransifa kika biya ko hannu da hannu? In hannu ne kuma babu rasit, ki nemi wanda kuka je tare ranar ya raka ki.