Me ya sa danna maɓallin gogewa yake buɗe katin gaba ɗaya?

Ƙanena, na duba aikin da ka turo. Kana da jerin katunan kaya a shafin yanar gizo, duk katin da aka danna yana buɗe bayanin kayan, a cikin kowanne kuma akwai ɗan maɓallin gogewa. Da ka danna maɓallin sai kayan ya gogu, amma bayanin ma ya buɗe, shi ne kake tambaya ko burauza ce ta sami matsala.

Burauza lafiyarta ƙalau, haka aka gina ta. Dannawa ba ta tsayawa inda yatsa ya sauka. Daga maɓalli take haurawa zuwa kati, daga kati zuwa jerin, har ta kai document, wato shafin gaba ɗaya. Kamar mutum ne ya ƙwala kira daga ƙuryar ɗaki: na tsakar gida ya ji, na zaure ma ya ji. Duk wanda ka ɗora wa addEventListener, wato mai sauraron dannawa, a kan hanyar sai ya amsa. A da burauzar Netscape daga sama take saukar da dannawa, Internet Explorer kuma daga ƙasa take haurar da ita, sai W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta haɗa biyun a shekarar 2000: ta fara saukowa, sannan ta haura. In ba ka ce wani abu ba, a haurawar ake kiran aikinka.

Na san za a ce maka ka sa stopPropagation, mai tsayar da haurawar, a kan maɓallin ka huta. Zai yi aiki yau, amma ba na son hannunka ya saba da shi. Gobe wani zai ƙara menu wanda ke rufewa idan an danna wani wuri da ba cikinsa ba, shi kuma a document yake sauraro. Ka tare dannawar a hanya, menu ya ƙi rufuwa, mutum ya kwana yana neman laifi a inda babu shi.

Ka ɗora mai sauraro guda ɗaya a kan jerin, shi zai tantance:

```
jeri.addEventListener('click', e => {
  const kati = e.target.closest('.kati');
  if (!kati) return;
  if (e.target.closest('.goge')) goge(kati);
  else bude(kati);
});
```

Ka lura da closest ɗin nan da kyau, nan mutane da yawa ke faɗuwa. e.target shi ne abu na can ciki da yatsa ya taɓa. Maɓallinka yana ɗauke da ɗan hoton kwandon shara, to in an danna daidai kan hoton, abin da za ka samu svg ne, wato hoton kansa, ko ma path, zanen da ke cikinsa, ba maɓallin ba. Shi closest daga nan yake farawa ya haura har ya tarar da abin da ka ambata, in bai samu ba ya dawo maka da null. e.currentTarget kuwa kullum jerin ne, tunda a kansa ka ɗora. Ga kuma riba: katin da ka ƙara daga baya zai yi aiki ba sai ka ɗora masa komai ba.

Kada ka haɗa wannan da preventDefault, aikinsa daban ne: hana burauza bin mahaɗi ko tura fom, ba ya hana haurawa.

Kafin ka gyara, sa console.log(e.target) a cikin aikin katin, ka danna gefen maɓallin, sannan ka danna tsakiyar hoton. Ka turo min abin da ya fito a duka biyun.